Tambayoyinku: Su wa ke ƙera harsunan da ake rubuta manhaja da su?

Tambaya, daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, mun fara Python da Java. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, su wa suke ƙirƙiro waɗannan harsuna? Sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita, ko aikin furofesoshi ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sana'a ce, amma ba irin wadda ake gani ba. Masu ita kamar masu haƙa tushen gini suke, kowa na yaba bene, ba mai tambayar wanda ya zuba kankare. Bari in ba ka labarin mutum ɗaya, Chris Lattner, domin ko iPhone ce a aljihunka ko Android, akwai gumin goshinsa a ciki.

A shekarar 2000 ya shiga Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign a Amurka don karatun digiri na biyu, a ƙarƙashin malaminsa Vikram Adve. Bai tashi da niyyar ƙirƙiro sabon harshe ba. Tafinta ya sa a gaba, wato manhajar da ake kira kwamfaila, wadda ke karɓar abin da ka rubuta ta mayar da shi umarnin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ke ganewa. Furosesar wayarka ba ta san Java ko Python ba, lambobi kawai take ji, kuma yaren furosesar Intel daban, na ARM da ke cikin wayoyi daban.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan kana da harsuna 5 da nau'in furosesa 4, kuma kowane sai da tafintansa, aiki 20 ke gabanka. Amma duba kasuwar Dawanau: Buzu da Babarbare da Bayarabe ba sa koyon yarukan juna kafin su yi cinikin gero, kowa Hausa yake ji, a nan ake haɗuwa. Dabarar haɗuwa a harshen tsakiya ta girmi Lattner, sai dai shi da malaminsa sun gina nasu ta yadda kowa zai iya ɗauka ya jona a aikinsa. Suka sa masa suna LLVM. Kowane harshe a juya shi zuwa na tsakiya, daga nan a juya zuwa kowace furosesa. Aiki 20 ya koma 9.

A wannan tsakiyar ne kuma ake gyaran da ke sa manhaja sauri. Misali ka rubuta 60 × 60 × 24 don samun daƙiƙoƙin kwana guda. Tafinta mai wayo zai yi lissafin tun a wurinsa, ya ajiye 86400, wayarka ba za ta taɓa wahalar ninkawa ba. Idan ka rubuta wani sashe da ba yadda za a yi a kai gare shi, ya share. Ƙananan abubuwa ne, amma tara su dubbai ka ga abin da suke yi wa batir.

An saki LLVM ga jama'a a 2003. Lattner ya gama digirin digirgir a 2005, Apple ya ɗauke shi a shekarar. A can suka gina Clang, tafintan harshen C da danginsa, wanda yau da shi ake fassara manyan sassan Android. Sai a 2010, bayan shekara goma yana cikin hanjin tafinta, ya fara ƙera Swift, sabon harshen rubuta manhajojin Apple, da farko a lokacin kansa, dare da ƙarshen mako. Aka bayyana shi a 2014. Ka riƙe wannan jerin, don nan ne samari da yawa ke kuskure: sabon harshe ya zo ne a ƙarshe. Bayan Apple ya ɗan taɓa Tesla a 2017, ya wuce Google, daga baya ya kafa kamfanin Modular a 2022.

Shawarata, kar ka jira sai an koya maka a aji huɗu. Rubuta ƙaramin kalkuleta da zai karanta 2 + 3 × 4 ya ba ka 14, ba 20 ba. Ranar da ka gane yadda za ka sa shi fara ninkawa kafin tarawa, ka taka matakala ta farko. Ba ka buƙatar kwamfuta mai tsada, tsohuwar laftof ta wadatar, kuma LLVM a buɗe yake, kowa zai iya saukewa ya karanta. Gaskiya guda kuma: guraben wannan aiki ba su kai na masu gina shafuka da manhajojin waya yawa ba, galibinsu a manyan kamfanonin waje da jami'o'i suke.

Tambaya, daga wata baiwar Allah a Maraɗi: Malam, me ke sa manhaja ta rufe kanta ina tsaka da amfani? An ce waya ce ta tsufa.

Amsa: Hajiya, wani lokacin wayar ce, musamman in ma'ajiyarta ta cika. Amma sau da yawa laifin mai rubuta manhajar ne. Ya ce a nuna hoton mai saƙo, alhali wannan mutum bai sa hoto ba. Manhaja ta miƙa hannu ta ji wayam, sai ta faɗi. Tony Hoare, Baturen Ingila da ya shigo da wannan "wayam" cikin wani harshe a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren dala biliyan a 2009. Shi ya sa sababbin harsunan rubuta manhaja irin su Swift da Kotlin ke tilasta wa mai rubutu ya faɗi abin da za a yi idan ba a tarar da komai ba, in ya ƙi, tafinta ya ƙi karɓar aikin. Ke dai ki sabunta manhajar, ki share tarkacen ajiyarta na wucin gadi a saitin waya. In ita kaɗai ke faɗuwa sauran lafiya lau, kar ki kashe kuɗi wurin mai gyara.

Tambaya, daga Kumasi: Za a iya yin harshen kwamfuta da kalmomin Hausa?

Amsa: Ƙwarai. Sa "idan" da "maimaita" a madadin kalmomin Turanci aikin 'yan kwanaki ne, kuma zai taimaki yara masu fara koyo. Wahalar tana gaba: saƙonnin kuskure da bayanan koyarwa da dubban tubalan gina manhaja da wasu suka riga suka rubuta, duk da Turanci suke. Ni da za a tambaye ni, da saƙonnin kuskuren zan fara fassarawa, don a nan ne na fi ganin ɗalibai suna tsayawa cak suna kallon allo.