Kwandon awo aka sauya

Malam, kana tambaya ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi mana rufa-rufa ne da ta ce hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 a Disamba 2024 zuwa 24.48 a Janairu 2025, alhali kaya ba su sauka ba. Ba rufa-rufa ba ce, ma'aunin aka sabunta. Da can da shekarar 2009 ake gwadawa, yanzu an koma 2024, aka kuma sake lissafa nauyin kowane kaya, wato kason kuɗin da ake kashewa a kansa, a kwandon kayan da hukumar ke bibiyar farashinsu. Abin da magidanci ke kashewa a data da kuɗin mota yau ai ba shi ne na 2009 ba. Kuma ko a 24.48 ɗin farashi hawa yake, gudunsa kawai ake aunawa.

Sai dai da sharaɗi: sai an auna kaya daidai a kasuwa. Na taɓa aikin tattara farashi a kasuwa, na ga yadda tiyar wannan mai gero ta fi ta maƙwabcinsa zurfi, kuɗi kuwa ɗaya. In ma'aikaci bai ɗora a sikeli ya mayar kilo ba, ko sabuwar kwamfutar hannu aka ba shi, kuskuren zai tura Abuja, da sauri ma.