Kwafi yana tsinkewa, fayil yana lalacewa: amsoshin wannan makon

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi, mu dai nan Garwa sai addu'a, fanka ma iskar zafi take hurowa. Saƙonni uku na ɗauko a wannan makon kuma duk ukun akan kwafi ne, biyu masu sauƙi, na ƙarshen shine zai ɗan ja mu.

Tambaya ta farko daga wata Hajiya a Kusiri: "Malam ina wuni. Bidiyon bikin 'yata ne giga 6, na sayi filash sabo mai giga 32 babu komai a ciki amma kwamfuta tace fayil ɗin ya yi girma. An cuce ni ne?"

Hajiya ranki ya daɗe, Allah ya sanya alheri, ba'a cuce ki ba. Yawancin filash masu giga 32 zuwa ƙasa suna zuwa da wani tsohon tsarin ajiya mai suna FAT32 wanda Microsoft suka fitar tun 1996, shi kuma baya karɓar fayil guda ɗaya da ya kai giga 4 ko da wuri ya rage fal. Ki sa yaro yayi fomatin filash ɗin ya zaɓi sabon tsarin da ake kira exFAT, shikenan zai shiga. Sai dai in a tsohuwar talabijin za'a kalla wasu basa gane exFAT, to a nan gara mai bidiyon ya raba shi gida biyu a bar filash ɗin yadda yake.

Ta biyu daga wani ɗan'uwa mai shagon turi a Marwa: "Injiniya dan Allah taimaka, na saro memori masu giga 128 da araha, jaka uku-uku, ina tura fim da karatu yana cewa ya gama lafiya lau, amma kwastoma su dawo suce na farko-farko kawai ke buɗewa, wasu foldar ma sunanta ya koma wasu alamu marasa ma'ana. Bairos ne?"

Ɗan'uwa ba bairos bane, kusan na tabbata memorin jabu ne. Abinda ake yi shine a ɗauki ɗan ƙaramin memori mai giga 8 ko 16 a sauya bayanin dake cikinsa ya dinga faɗa wa waya da kwamfuta cewa shi 128 ne, to kana tura kaya har ka cika ainihin cikinsa, daga nan duk abinda ka ƙara ko ya tafi iska ko ya hau kan na baya ya goge shi, kuma baya kuka, zai ce maka an gama. In ya hau kan wurin da ake rubuta sunayen fayiloli shine kake ganin waɗancan alamun. Ka nemi H2testw, kyauta ce, daga Jamus take, ƙarama ce sosai. Tana cika memorin da bayanai tun daga farko har ƙarshe sannan ta dawo ta karanta ta gaya maka giga nawa ne na gaskiya. Tana cin awanni amma wallahi gara ka gwada guda ɗaya daga kowane sari kafin ka biya dila da ace sunan shagonka ya ɓaci a unguwa, mutum ya biya kuɗinsa ya koma ƙauye da karatun tafsiri ya tarar babu komai, wannan abin yana min ciwo.

Yanzu ta ukun, daga wani ɗalibi a jami'ar Ngaundere, na taƙaita ta: "Malam barka da aiki. Na haɗa wa yayana saba, wato kwamfutar ajiya, da tsohuwar kwamfutar tebur da diski biyu akan Linux don ajiye hotunan shagonsa. Kafin mu zuba kaya nace bari in yi gwajin matsi da fsx da fsstress. Duk dare sai fsx ya tsaya da READ BAD DATA kuma aikin ƙarshe a jerin kwafi ne, fsstress ma yana nuna lambobin kuskure a copyrange. Na yi fomat sau uku, daga ext4 na koma XFS na koma btrfs, duk ɗaya. Wane tsarin fayil ne bashi da wannan matsalar?"

Ƙanina da farko Allah ya yi maka albarka da ka gwada kafin ka zuba hotunan mutane, da yawa sai bayan hoton aure ya ɓace suke nemana. Amma dan Allah ka daina fomat ɗin nan. Duk sanda ka goge diskin shaidar da zata nuna maka mai laifi ce ka goge, sannan ka sauya abu ka sake gwadawa baka san me ya sauya ba. Kuma amsar tambayarka tana cikin saƙonka, ext4 da XFS da btrfs mutane daban-daban suka rubuta su, hanyar aikinsu daban, da wuya ace duk ukun suna da aibi iri ɗaya a injinka kai kaɗai. Abinda suka haɗa akai shine RAM ɗinka da kebul da diski da wuta da kuma kanel ɗin, wato zuciyar Linux, a nan za'a nema.

Ka fara raba kayan aikin biyu domin ba abu ɗaya suke faɗa maka ba. Shi fsstress aikinsa ya tayar da hankalin diski ne, ya ƙirƙiri fayil ya goge ya sake suna ya kwafa ya yanke duk a hargitse, kuma da gangan yake neman abubuwan da ba zasu yiwu ba, saboda haka ganin lambar kuskure a jerinsa ba abin tsoro bane. Lamba 28 wuri ne ya cika, 95 na nufin wannan tsarin baya yin irin wannan aikin, 22 buƙatar ce bata dace ba. Wadda zata sa ka miƙe zaune itace 5, ita ke cewa an je karatu ko rubutu an kasa. Hukuncin fsstress ba a jerinsa yake ba, sai ya gama ka sauke diskin, wato umount, ka duba shi da e2fsck -n ko xfs_repair -n, wannan -n ɗin yana nufin duba kawai kar ka gyara, sannan ka karanta dmesg, wato rahoton da kanel ke rubutawa. Shi kuma fsx daban ne, yana riƙe da kwafin abinda ya kamata fayil ya ƙunsa a cikin RAM, duk sanda ya karanta sai ya kwatanta, in yace bayanai sun ɓaci to lallai wani abu ya ɓaci a wani wuri, ko a diskin ko a RAM ɗin da yake riƙe da kwafin, kar ka manta da wannan na biyun.

Abu mafi muhimmanci shine ka sa matsalar ta maimaita kanta. Waɗannan manhajojin ba da ka suke zaɓen aiki ba, akwai wata lamba da suke farawa da ita, in ka basu lamba ɗaya zasu bi jerin ayyuka ɗaya sak, a fsx -S ne babba, a fsstress -s ƙarami. Ka sa lamba ɗaya ka gudu sau biyar ka rubuta a takarda aiki na nawa ya faɗi da kuma wane wuri a fayil. In kullum wuri ɗaya yake faɗuwa to ka kama bakin zaren, alama ce ta manhaja, kuma daga nan sai ka dinga rage ayyukan har ka samu guda huɗu ko biyar da ke jawo shi. In kuwa yau nan gobe can, to ka karkata ga ƙarfe, wato kayan injin kansu irin RAM da diski da kebul. Akwai togiya ɗaya, in kana gudun fsstress da ma'aikata da yawa lokaci guda, wato -p 8 misali, tsere tsakaninsu ma yana sa matsala ta dinga yawo ko da ƙarfen lafiyarsa ƙalau, shi yasa zaka fara da -p 1.

Sannan ka kalli yadda ɓarnar take, mutane basa kallon wannan kuma a nan labarin yake. Fsx yana ajiye maka fayil mai ƙarewa da .fsxgood, ka kwatanta shi da wanda ya lalace da cmp -l. In bayit ɗaya ne ko biyu suka bambanta kuma bambancin ɗan ɗigo guda ne, wato bit ɗaya, wannan warin RAM ne. In kuwa tsagi ne cikakke na bayit 4096 duk ya koma sifili daidai kan iyaka, to rubutu ne ya ɓace a hanya ko tsarin ya ɗauka wurin rami ne, wato wurin da ba'a rubuta komai ba a fayil ɗin. In tsohon abinda ke wurin ka gani maimakon sabon, rubutun bai sauka ba kenan. Na taɓa zama kwana huɗu akan injin wani shagon hoto a nan, muna ta zargin diski har an sayo sabo, ashe sandar RAM ɗaya ce, cikin dubban hotuna ɗaya zai fito da layi a tsakiya, muka cire ta matsalar ta tafi. Tun daga ranar bana taɓa diski sai na bar Memtest86+ mai gwada RAM ya kwana yana aiki, kuma dare guda cikakke nake nufi ba minti 20 ba, domin wani aibin sai injin ya ɗau zafi yake fitowa.

Ga wata dabara mai arha: ka gudu da fsx a cikin /dev/shm, wannan wurin gaba ɗaya a RAM yake babu diski a maganar. In ya faɗi a can to diskinka da kebul ɗinka da duk tsarin fayil ɗin da ka gwada basu da laifi. In ya wuce lafiya sai ka dawo kan diski ka duba smartctl -a mai nuna lafiyar diski, lamba 5 da 197 in suna hawa diskin ne ke mutuwa, amma 199 in tana hawa yawanci kebul ne ko bakin da aka soka shi, ka sauya kebul kawai ka sake gwadawa. Kawai nace, abu ɗaya a kowane gwaji.

Kace kullum da dare yake faɗuwa, wannan ma ban bar shi ya wuce ba. Ka duba ƙarfe nawa ne a dmesg -T, ka tambayi yayanka ko lokacin ne wuta ke rawa ko ake komawa kan janareta ko batir. Tsohuwar kwamfutar tebur akwatin wutarta ya gaji, ga diski biyu suna aiki iya ƙarfinsu, wuta ta ɗan yi ƙasa na ƙiftawar ido injin bazai mutu ba amma diski zai iya yankewa ya dawo, zaka ga layukan da ke cewa an sake haɗa shi. Ku a Ngaundere kun fi mu sanyi amma ƙurar hunturu bata bar kowa ba, ka buɗe akwatin ka hure.

To in duk wannan ya fito tsaf fa? Sai mu dawo kan kwafin kansa. Abinda kake gani a jerin wata hanya ce mai suna copy_file_range da ta shigo Linux 4.5 a 2016, maimakon manhaja ta ɗebo bayanai ta sake zubawa sai tace wa kanel kai ka kwafa da kanka, a XFS da btrfs ma sau da yawa ba'a kwafa komai, fayil biyun ne zasu dinga nuna wuri ɗaya a diski har sai an taɓa ɗaya. Ka kashe ta ka gani, a fsx -E ne, a fsstress -f copyrange=0, amma ka lura kashe wani aiki yana sauya jerin da lambarka ke bayarwa, don haka ka gudu da lambobi da yawa kafin ka yanke hukunci. Kuma ko ta daina kar kayi saurin cewa ita ce mai laifi. A Nuwamban 2023 masu amfani da wani tsarin fayil mai suna OpenZFS 2.2.0 suka fara ganin fayilolin da aka kwafa da tsagin sifili a ciki, kowa ya ɗora laifin akan sabon salon kwafin da aka ƙara a wannan fitowar, da aka tona sai aka tarar aibin ya daɗe shekaru a ciki, in an tambayi ina ramuka suke a fayil ɗin da yanzun nan aka rubuta shi wani lokacin sai ya amsa ba daidai ba, sabon salon kawai ya sa abin ya yawaita ne. An gyara a 2.2.2 da 2.1.14. Kaga aikin ƙarshe a jeri shine inda aka gano ɓarna, ba lallai a nan aka yi ta ba, ka koma baya a jerin ka nemo duk aikin da ya taɓa wannan wurin na fayil ɗin.

Abu na ƙarshe wanda ya shafi har mai shagon Marwa: in ka kwafa fayil ka kwatanta nan take, sau da yawa ba daga diski ake karanto maka ba, daga RAM ne inda Linux ya ajiye shi, sai kaga sun yi daidai alhali abinda ke ƙasa ya lalace. Ka buga sync, ka sauke diskin ka sake ɗora shi, sannan ka kwatanta da sha256sum.

Ka turo min sakamakon uname -r mai nuna fitowar kanel ɗinka, da lambar da ka yi gwajin da ita, da layuka 50 na ƙarshe na fsx, da dmesg na wannan daren da kuma smartctl na diski biyun, zamu duba tare in sha Allah. Kafin nan ka gaya wa yaya hotunan su zauna inda suke, sai injin ya kwana uku a jere yana gwaji bai faɗi ba.