Tambaya da Amsa: Takalmin hawan dutse, in saya ko in bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Mu shida muka shirya zuwa Taraba a hutun Disamba don mu hau dutsen Chappal Waddi. Ni iyakar hawana dutsen Kufena da ke nan Zariya, kuma da kambas nake zuwa. Na ga wani but mai kyau a wajen 'yan gwanjo, lamba 43, lambata ke nan, sai dai da na sa na ji babban yatsana yana ɗan taɓa gaba. Mai kayan ya ce in na fara sawa zai saki. In saya?
Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka saya. Mai kayan bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, fata tana ɗan buɗewa ta gefe in an jima ana sawa, amma ban taɓa ganin takalmin da ya ƙara tsawo ba. Bakin but ma da gangan ake taurara shi don ya tare tuntuɓe. Yadda ya taɓa maka yatsa a kasuwa, haka zai taɓa shi a kan dutse, sai ma abin da ya ƙaru.

Ni ma an taɓa sayar mini da wannan magana ta "zai saki". Shekarun baya na bi abokai zuwa duwatsun Shere da ke gefen Jos, da wani but ruwan ƙasa da na saya kwana biyu kafin tafiya. Lokacin hawa har ina yi wa masu kambas dariya. Da muka juyo gangara sai labari ya sha bamban: duk takun da na yi, ƙafata ta zame gaba, farce ya daki bakin takalmi. Kafin mu iso inda muka bar mota ina tafiya a karkace kamar kaguwa. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, bayan 'yan makonni ya fita, na fi wata shida kafin sabo ya cika. Tun ranar na gane hawa ba ya tona asirin takalmi, gangara ce ke tonawa. Kuma Shere mita 1,829 ne. Inda za ku, mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, yana can kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka Gumti, kuma ba fitar yini ɗaya ba ce irin ta Kufena.

Saboda haka ka manta da zancen "lambata 43". Lamba ba ta da alƙawari. Kayan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa: abin da Ingila ke kira 9, Amurka kusan 10 take ce masa, sauran Turai kuma wajen 43, sannan kowane kamfani da irin ƙirarsa. In ka ɗaga harshen takalmin, sau da yawa za ka ga an rubuta tsawon da santimita, wannan ya fi amana. Ka taka takarda a gida, a zana maka ƙafafu biyun, ka auna, domin yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya. Babbar za ka saya wa takalmi.

Ka je kasuwa bayan la'asar, ba da sassafe ba. Ƙafa tana kumbura in ta yini tana aiki, kuma kumburarriyar ƙafa ce za ta yi tafiyar. Ka tafi da safar da za ka hau dutsen da ita. In shimfiɗar cikin takalmin tana fita, zaro ta ka taka a tsaye: tsakanin yatsanka mafi tsawo da ƙarshenta ya kamata a sami faɗin babban yatsan hannu. In ba ta fita, ka sassauta igiya, ka tura ƙafa gaba har ta taɓa, ka ga ko yatsa ɗaya zai shiga ta bayan diddige. Daga nan ka ɗaure sosai, ka nemi matakala ko wata 'yar gangara ka sauka. Ka ɗan daki ƙasa da bakin takalmin. Yatsu su iya motsi, kada su taɓa gaba, diddige kuma ya zauna daram. Diddigen da ke ɗagawa yana goga, shi ke kawo bororo. Mai kaya zai gaji da kai, ƙila ya yi tsaki. Bar shi ya yi, ba shi zai sauko daga dutsen ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: yawancinmu da silifas da takalmin fata buɗaɗɗe muka tashi, yatsunmu a baje suke. But ɗin Turawa da yawa sirara ne ta gaba. In ka ji yana matse ka ta wajen ƙaramin yatsa, nemi mai faɗin baki, kada ka yi ta ƙara lamba har ƙafa ta riƙa iyo a ciki.

Tunda gwanjo za ka, ga inda ake shan ruwa. Takalman hawa da yawa suna da wani irin soso tsakanin fata da robar ƙasa, wanda danshi ke cinyewa a hankali, musamman in an ajiye takalmin shekaru ba a sawa. Za ka ga sama fes kamar sabo, ka yi tafiyar awa biyu ƙasan ya ɓare ko ya marmashe kamar busasshen burodi. Wanda ya fi ƙyalli a tsibin kaya ma shi na fi tsoro. Ka danna soson da farce, ka lanƙwasa takalmin: in ka ga tsaga, ko gari yana zuba, ko yana danƙo, ajiye musu abinsu. Shu meka ba shi da maganin wannan a tsakiyar daji. Ka duba haƙoran ƙasan kuma, su kasance da zurfi. In ka ga wata 'yar alama ruwan ɗorawa mai rubutun Vibram, roba ce mai riƙe dutse. Wani Ba'italiye mai suna Vitale Bramani ya fito da ita a 1937, bayan abokan hawansa shida sun mutu a kan dutse a 1935. Sai dai ko ita, in ta suɗe ta suɗe.

Kada ka damu da sai ka sami ƙaton but mai nauyi irin na masu shiga ƙanƙara. Mai wuya zuwa idon sawu, mara nauyi, ya ishe ka, zai kuma hana tsakuwa shiga. Masu rubutun Gore-Tex suna tare raɓa da ruwa marar zurfi, amma suna da zafi, kuma in rafi ya haura wuyansu sai su daɗe ba su bushe ba. Ka jefa silifas mai maɗauri a jaka don tsallake ruwa da alwala. Za ka ga Fulani a can suna wuce ku da takalmin roba ko a jikinsu. Kada ka gwada, ƙafarsu ta yi shekaru tana wannan makaranta.

Safa ta auduga tana riƙe gumi, ƙafa ta jiƙe ta yi laushi, bororo ya samu. Nemi ta ulu ko irin ta 'yan ƙwallo mai kauri, guda uku aƙalla.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka saya tun yanzu. Ka fara zuwa aji da shi, bayan mako guda ka goya jakar da za ka ɗauka ka hau Kufena sau biyu ko uku, ka lura da abin da ƙafarka ke faɗa maka wajen saukowa. Kafin kowace gangara ka tsaya ka ƙara ɗaure igiyar wajen idon sawu. Inda ka ji ya fara zafi, ka manna filasta nan take tun bai tashi ba. Ka yanke farce kwana biyu kafin ku kama hanya. In kun dawo lafiya, ka rubuto mana yadda farcen ya kwana.