Tambaya da Amsa: Ragi ko Gyara, Wanne Ke Riƙe Mai Saye?

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a unguwarmu a Gusau. Wani ya buɗe shago daura da nawa yana karya farashi, masu sayayya sun fara komawa wurinsa. Shin ni ma in rage wa kayana kuɗi?

Amsa: Malam, kafin ka taɓa farashi ɗauki biro. A ce ka saro kaya a kan naira 800 kana sayarwa 1,000, ribarka 200. Ka yi ragin kashi 10 cikin 100, kayan ya koma 900, riba ta koma 100. Ragin da mai saye zai gani ɗan kaɗan ya cinye rabin ribarka, sai ka sayar da ninki biyu kafin ka koma inda kake. Kuma farashin da aka sauke yana da wuyar ɗagawa, ranar da ka mayar da shi za a ce ka tsauwala.

Abin da ya fi shi ne ka ware kaya biyu ko uku da kowa ya san kuɗinsu da ka, kamar sukari, taliya da man gyaɗa, ka daidaita su da na maƙwabcinka. Da su ake auna tsadar shago. Sauran ka bar su yadda suke, ka koma ga gyara. Wanda ya yi sayayyar naira 5,000, ragin kashi 10 zai ci maka 500, amma ka jefa masa dunƙulen magi da kwalin ashana a leda, abin da ka kashe bai kai rabin haka ba, kuma shi ake gani a gida idan an zazzage ledar. Sharaɗi ɗaya: gyara ta zama kaya mai kyau. Biskit ɗin da ya kusa lalacewa ba gyara ba ne, zubar da mutunci ne.

Kula da yaran da ake aikowa. A unguwanni da yawa uwar gida ba ta zuwa shago, yaro ne ke zaɓen inda zai tsaya. Ka sallame shi da wuri ko da manya na jira, ka ƙulle masa canji a cikin leda don kada ya zubar, ka ba shi alewa ɗaya. Uwar da ta ga canjinta cif sau uku a jere ita za ta riƙa cewa a je wurinka.

Idan kana son kati na saka wa mai yawan sayayya da kyauta, yi mai gida goma. Duk sayayyar da ta kai naira 2,000 ka sa hannu da kwanan wata a gida ɗaya, in ya cika ka ba da kyautar da ka saro a kan 500. Cinikin 20,000 ke nan ka kashe masa kashi biyu da rabi. Sa hannun ya zama naka kai kaɗai, domin in ka bar hatimi a hannun yaron shago abokansa za su cika kati ba su sayi komai ba.

Sai bashi, wanda mutane ke ɗauka hanyar riƙe mai saye ne. Yana riƙewa in yana da iyaka da ranar biya a rubuce. In ya wuce ƙarfin mutum, shi da kansa zai canja hanya don kada ku haɗu, tsabar kuɗinsa kuma ya kai wa maƙwabcin naka. Ka rasa kaya, ka rasa mai saye. Sa wa kowa iyaka daidai samunsa, ba a ɗora sabo sai an sauke tsoho.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a Zariya. Kullum ina ɗora hotuna kusan talatin a status na WhatsApp, ana kallo amma ba a saye. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, hotunan sun yi yawa. Mai kallo tana wuce na farko da na biyu a natse, daga nan sai danna yatsa kawai. Biyar sun isa a rana, kowanne da kuɗinsa da yawan yadinsa a rubuce a jiki. Rubuta "a yi magana don jin farashi" yana korar masu kunya da masu gudun a raina su, kuma su ne mafi yawa.

Ki shimfiɗa atamfar a kan farin zanin gado kusa da taga da hantsi, kada ki ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki, yana canja launi. Yawancin rigimar "ba wannan na gani ba" daga nan take. Ki ƙara ɗan gajeren bidiyo kina juya ƙyallen a hannu don a ga kaurinsa. Abin da aka ɗora yana ɓacewa bayan awa 24, saboda haka ki ɗora lokacin da mata suka samu sarari, bayan an tura yara makaranta ko bayan Isha'i.

WhatsApp na ba da damar aika saƙo ɗaya ga mutum har 256 a lokaci guda, amma sai waɗanda suka ajiye lambarki ne zai kai gare su. Don haka duk wadda ta saya ki roƙe ta ta ajiye lambar nan take. Kada ki jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba. Ki faɗi kuɗin kai kaya tun kafin a biya, kuma kada ki saki kaya da ganin hoton rasit, sai kin ga kuɗin a asusunki.

Wadda ta kawo miki mai haɗa lefe ta cancanci tukuici mai tsoka, ki ba ta bayan an gama biya, ba kafin nan ba.

Tambaya: Ni tela ne a Maraɗi. Da Sallah aiki ya yi mini yawa, bayanta kuma ba na sake ganin mutanen.

Amsa: Maigida, yawanci saɓa alƙawari ne ke korar su. Lissafa ƙarfinka: in kana gama kaya uku a rana, kwana 20 kaya 60 ke nan, na 61 ka ba shi haƙuri. Ajiye littafin awo da lambar kowa, ka kira su tun cikin Sha'aban su kawo ɗinki kafin cunkoso. Wanda ya karɓi kayansa ka gaya masa in hannu ya yi tsawo ko wuya ya matse ya dawo cikin mako guda ka gyara kyauta.