Kallon Tsuntsaye Cikin Ruwan Hunturu, Anya Kuwa?

Tambaya: Baba, ina karatu a Bristol, ƙasar Ingila. Abokan karatuna sun gayyace ni kallon tsuntsaye a fadamar Slimbridge ranar Asabar, ga sanyi, ga shi an ce za a wuni ana ruwa. Me zan gani da ya kai wannan wahala? Ɗaliba, Bristol.

Amsa: 'Yata, ki je. Hunturun nan da kike gudu shi ne kakar wurin.

Slimbridge tana bakin kogin Severn, wani masanin tsuntsaye mai suna Peter Scott ya kafa ta a 1946 a matsayin mafakar tsuntsaye. Idan ƙanƙara ta rufe arewacin Rasha, wasu fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya, sukan taso daga can su sauka a nan wajen watan Nuwamba, su koma kafin ƙarshen Maris. Abin da ya fi burge ni game da su shi ne bakinsu. Kowanne da irin zanensa na baƙi da rawaya, ba biyu da suka zo ɗaya, shi ya sa tun 1964 ma'aikatan wurin ke gane su ɗaya bayan ɗaya, har da raɗa musu suna. Sun san wanda ya dawo da matarsa ta bara, sun san wanda ya dawo shi kaɗai. Ki nemi a nuna miki, ki ƙura ido sosai. Yawansu na raguwa shekara da shekaru, abin yana damuna ƙwarai.

Ruwan sama kuwa alheri ne gare ki. Da ya kwanta a ciyawa sai agwagin daji su cika fili suna kiwo. Kuma ba a waje za ku tsaya ba, akwai ɗakunan katako masu siraran tagogi inda ake zama a leƙa.

Ki bar laima a gida, iska za ta karya ta, tsuntsayen ma tsoronta suke. Ki tafi da rigar ruwa mai hula, takalmin roba, safa biyu, shayi a fulas, da ƙyalle busasshe na goge madubin hangen nesa. In ba ki da madubin, kada ki saya tukuna, ki ara. A cikin ɗakin a yi ƙasa da murya, kada a miƙa hannu ta taga. Ki lura da lokacin salla, don wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar dab da juna suke.

Wata ƙaramar agwagwa mai farar gira ba za ki same ta ba. Da zafi take ƙyanƙyasa a Turai, da hunturu kuma tana wajenmu, a fadamun Haɗeja da Nguru. Idan kin zo gida hutu lokacin sanyi, ki nemi mai kai ki Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa a jihar Yobe, da sassafe.