Kwas ɗin mako ɗaya ya isa in fara ɗinke jijiyar yatsa?

Tambaya: Ni likita ne, ina shekara ta uku a horon tiyatar gyaran jiki. Muna yawan samun waɗanda injin markaɗe ko adda ta datse wa yatsu, kuma galibi sai dai mu gyara dungun mu ɗinke. Ina son ƙwarewa a tiyatar hannu da ta maikuroskof, wato na'urar ƙara girman gani. Kwas ɗin mako ɗaya da ake tallatawa ya isa, ko dole sai na tafi ƙarin horo na shekara?

Amsa: Likita, kwas ɗin yana da amfani, ka yi shi in ka samu dama, amma abu ɗaya yake koyarwa: ɗinkin. Cikin kwana biyar za a zaunar da kai gaban maikuroskof, ka fara da yankakken safar hannu ta roba, ka koma jijiyar jini ta cinyar kaza, sannan jijiyar cinyar ɓera mai rai, wadda faɗinta wajen milimita 1 ne, daidai da ta yatsan mutum. Zaren nailan mai lamba 10-0 ake amfani da shi, ya fi gashin kai siranta, kuma ɗinki 6 zuwa 8 ke zagaye bakin irin wannan jijiya.

Kurakuran masu koyo sanannu ne. Allura ta tsinko bangon baya, hanyar jini ta rufe. A bar tantanin wajen jijiya bai datsu ba, ya faɗa ciki, jini ya daskare a kansa. A kama cikin jijiya da hantsaki, ya kurje, gudan jini ya taru a wurin. Ko a ja bakunan biyu da ƙarfi don su haɗu, alhali abin da ya kamata shi ne a ciro guntun jijiya daga damtse a cike giɓin. Duk waɗannan hannu ke koyonsu da maimaici, kuma ba sai ka jira kowa ba: cinyar kaza daga kasuwa, maikuroskof na ɗakin tiyatar ido in babu aiki a kansa, awa biyu sau biyu a mako. Ka jingina damatsanka a tebur, ka guji ɗaukar kaya masu nauyi kafin ka zauna, don hannu na rawa bayansa.

Abin da mako ɗaya ba zai ba ka ba shi ne sanin wane yatsa za a mayar, wane za a haƙura da shi. Babban yatsa, yatsu da yawa a lokaci guda, da kowane yatsa na yaro, waɗannan ana ƙoƙari a kansu. Yatsan da wuƙa ta yanke tsaf daban yake da wanda bel ɗin inji ya fizge. Na biyun jijiyarsa ta lalace nesa da inda ido ke gani, kuma ɗinki mai kyau a kan lalatacciyar jijiya toshewa zai yi. Haka manuni guda na babban mutum da ya gutsure daga tushe: sau da yawa in an mayar da shi sandarewa yake yi ya hana sauran yatsu aiki. Wannan hukunci sai a gefen gwani, kana ganin marasa lafiya da yawa, har da waɗanda aikinsu ya ɓaci.

Lokaci ma ilimi ne. Yatsa ba shi da tsoka, yana jure wajen awa 12 ba sanyi, 24 da sanyi. In yankan ya haura zuwa damtse, tsoka ba ta wuce awa 6 ba sanyi. Ka koya wa ma'aikatan sashen gaggawa: a naɗe guntun a bandeji mai danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye.

A tebur, yawanci ana rage ƙashi a kafe shi da siririyar waya, a ɗinke agara ta baya da ta ciki, sai jijiyar da ke kawo jini, jijiyar ji, sannan masu mayar da jini, biyu in an samu a kan kowace ɗaya mai kawowa. Masu mayarwar su suka fi ba da wahala. In suka toshe, yatsa ya kumbura ya yi shuɗi, shi ya sa wasu cibiyoyi ke ajiye matsattsaku don zuƙe jinin. Kwana biyu zuwa uku na farko nas ce ke riƙe da aikin, tana duba launi da ɗumi kowace awa. Bayan nan watanni ne na fisiyo, wato gashi da motsa yatsun, domin jijiyar ji tana tsiro wajen milimita 1 kawai a rana.

Saboda haka ka kammala horonka ƙarƙashin Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa, sannan ka nemi wata 6 zuwa shekara ɗaya a cibiya mai yawan aiki. A Amurka horon hannu shekara ɗaya ne bayan ƙwarewa, cibiyar Kleinert da ke Louisville na cikin tsofaffi. Asibitin Chang Gung a Taiwan ya yi suna wajen dashen tsoka da fata tare da jijiyarsu, Asibitin Ganga da ke Coimbatore a Indiya kuma raunukan da yake gani sun fi kama da namu: inji, babur, gona. Kafin ka biya kuɗin jirgi, ka tambaye su a rubuce ko lasisinka zai ba ka damar sa hannu a tiyata, ko kallo kawai za ka yi daga bayan gwani, kuma ayyuka nawa ɗalibin bara ya yi da hannunsa. Sannan ka fara magana da shugaban sashenka tun yanzu kan maikuroskof, zaren 10-0 da nas biyu da za a horar tare da kai.