Filin Tambaya da Amsa: Musaya, Canji, Furfure da Mararraba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya biyu. Ɗiyata ta dawo daga makaranta tace malaminsu yace wai canji ba Hausa bace, musaya ake cewa, to ni kuma tun ina yarinya canji nake ji a bakin kowa. Sannan mi ne bambancin mararraba da mahaɗa da magama, ko duk abu guda ne? Daga wata uwa mai karanta wannan fili a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ɗiyar. Malamin nasu yana da gaskiya ta gefe guda, canji aro ce daga Turanci, amma cewa ba Hausa bace gaskiya ban yarda ba, kalmar da ta kai ga ana cewa na canza, ta canzu, ɗan canji, 'yan canji, ai ta riga ta zama 'yar gida. Kuma akwai wurin da musaya bazata iya shiga ta yi aikinta ba. Ki ba mai kabu-kabu dubu ɗaya daga Mabera zuwa Tsohuwar Kasuwa kice ya baki musayarki, wallahi sai ya tsaya yana kallonki. Haka in kika je Illela bakin iyaka, masu zama da damin naira da sefa suna jiran mutanen Ƙonni 'yan canji ne sunansu, ba wanda ya taɓa kiransu 'yan musaya. Dattawa ma da ita suke lissafin shekaru, zaki ji ance an haifi wane shekarar canjin hannu wato 1972 da motoci suka koma dama, ko canjin kuɗi na 1973 da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo, ko kuma canjin Buhari na 1984.

Ita musaya hannu biyu take buƙata, in baki ki bani. Shi yasa a rediyo kike jin musayar fursunoni, musayar wuta, musayar ra'ayi, in mutum biyu suka yi cacar baki ace sun yi musayar yawu. In mutum guda ne ya cire riga ya saka wata to sauyawa yayi ko sakewa, babu musaya nan. Akwai kuma musanye wanda ba da niyya ba, irin na ranar Juma'a da zaka fito masallaci ka tarar takalminka baya nan amma ga wani irinsa sak an bari, ƙafar hagu ta ɗan cinye ta gefe, ka saka kaji ba sawunka bane. Nan ba sata akayi maka ba, musanye ne.

Wadda nake jin ciwon ɓacewarta ita ce furfure, mu nan da muke cewa hura maimakon fura sai kiji hurhure. Wannan ciniki ne da babu kuɗi a tsakani, kaya da kaya. Ina yaro na sha ganin 'yar Fulani ta sauke ƙwarya a tsakar gidanmu, kakata ta auno mata gero ita kuma ta zuba nono da ɗan man shanu a kai, ba a ambaci ko kwabo ba kowa ya tashi da fara'a. Daga irin wannan ne aka samu ba ni gishiri in ba ka manda, manda ɗin ma wani nau'in gishiri ne mai duhu. Abin da ya bani takaici a farkon 2023 bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000 takardar kuɗi tayi wuya, mutanen ƙauye da yawa sun koma bada hatsi su karɓi kayan miya, ga abin ya dawo da ransa amma yaranmu basu san sunansa ba. Dan Allah Hajiya ki koya wa ɗiyar wannan kalma, ta kai ma malamin nasu.

Sai tambaya ta biyu. Ki duba tushen kowace, mararraba daga raba take, mahaɗa daga haɗa, magama daga gama irin na mun gamu da wane a kasuwa. Sau da yawa wuri guda ne, ya danganta da inda ka fito. Wanda ya taho kan hanya ɗaya ya iske ta rabu biyu dole ya zaɓa, shi mararraba ya gani, shi yasa ake cewa mutum yana kan mararraba in shawara ta rikice masa. Waɗanda suka fito ta hanyoyi daban daban suka haɗe kuwa magama suka zo. Sunayen garuruwa sun riƙe mana su, ga Mararrabar Jos kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, ga Mararraba ta bakin Abuja a jihar Nasarawa, ga Magamar Jibiya a Katsina. Ga ruwa kuwa an fi cewa mahaɗa ko magama, kamar inda gulbin Sakkwato ya gamu da gulbin Rima nan kusa da gari, ko Lakwaja inda Neja da Binuwai suka haɗu. A da ma iyaye na hana yara taka abin da suka gani an zubar a mararraba don can masu magani ke cewa a kai.

Na cikin gari mai zagaye shi ne shataletale, wasu suce randabawul, mu nan mun gajarce shi zuwa raun, shi yasa wani shataletale na cikin Sakkwato kowa Raun Mai Ruwa yake ce masa. Kwana ma aro ce, inda hanya ta karya ko ta ɓalle daga babban titi, irin Kwanar Dangora a hanyar Kano zuwa Zariya. Ki gaida mutan gida, in ɗiyar ta dawo da abin da malamin yace kan furfure ina so ki rubuto mani.